Ranar da Anti Ƙanƙara Ta Ƙwace Mini Takalma

Shekarar da jami'armu ta kai wasan ƙarshe a gasar ƙwallon ƙafa ta jami'o'in ƙasa, ina ajin ƙarshe, ina karatun aikin gona, kuma ni ne ɗan gaban ƙungiya. Lamba tara nake sawa, shi ya sa kowa Tara yake ce mini, har malamai a aji. A gida kuwa Auta ne sunana, ko da yake na fi kowa tsawo.

Tunda aka fara gasar, jami'armu ba ta taɓa wuce zagaye na biyu ba. Wannan shekarar sai abu ya yi ta zuwa mana daidai. Muka fitar da waɗanda suke riƙe da kofin tun a wasa na uku, ni kaɗai na ci ƙwallo bakwai a wasa shida. Ɗaliban da ba su san hanyar filinmu ba suka fara zuwa kallon atisaye. Mai shayin bakin ƙofar makaranta ya daina tambayata madara nawa, sai dai ya zuba har ta ishe ni.

Mace ɗaya ce tal a tawagarmu, ita ce mai kula da lafiyar 'yan wasa. Gajeruwa ce, ta haura hamsin, tabarau na rataye a wuyanta da igiya. Ofishinta wani ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakalar 'yan kallo, gado ɗaya, kabad cike da bandeji, da tsohon firji mai ƙugi kamar injin niƙa. Duk abin da ka kawo mata, targaɗe ko buguwa, sai ta buɗe firjin nan. Dogo, mai tsaron gidanmu, ya rantse ranar da budurwarsa ta rabu da shi ya je ya faɗa mata, ta ɗora masa ƙanƙara a ƙirji ta ce ya dawo jibi. Daga nan aka sa mata Anti Ƙanƙara. A gabanta dai a kan Anti muke tsayawa.

Ni da ita ba ma shiri. Ina aji biyu ta taɓa zaunar da ni a benci mako uku saboda ciwon cinya da na rantse ya warke. Tun daga lokacin, ko ƙafata ta kumbura gara in ɗaure da kaina a ɗaki da in je wurinta. In mun haɗu a hanya in ce, "Anti, ina kwana," ta ce, "Lafiya lau, ɗingishin me kake ɓoyewa?" Ba ta da wasa, kuma ba ta taɓa yi mana ihun murna ba ko da mun ci. In aka zura ƙwallo kowa ya tashi yana tsalle, ita sai ta sa tabarau tana ƙirga wa ya faɗi a kan wa.

A babban filin wasa na wani gari aka sa wasan ƙarshen, tafiyar awa biyar daga makarantarmu. Mun isa ana jibi wasa. Ranar da muka fara shiga filin don gwaji, Dogo ya durƙusa ya shafa ciyawar ya ce, "Wannan ai ta fi katifata." Ɗakin sauya kaya ma abin kallo ne a wurinmu: kowa da maƙalin rigarsa, ga madubi, ga famfo mai ruwan zafi. Abokin ɗakina, wanda muke ce wa Farfesa saboda ko a mota littafi yake karantawa, shi ne ɗan gaba na biyu, watau mai jiran gadona a benci. Ya zauna ya duba ko'ina ya ce shi ko ba a sa shi ba ya gode, ya ga duniya.

Da safiyar ranar wasa Koci ya ja ni gefe. Tsohon ɗan wasa ne, mai ƙaton ciki da ƙaramar murya, shekara goma sha ɗaya yana horar da ƙungiyar bai taɓa riƙe komai ba sai usur. Ya ce mini wani mutum daga wata babbar ƙungiyar ƙwararru zai zauna a sama yana kallo, kuma ni ya zo gani.

"Ban faɗa maka don ka ruɗe ba," in ji shi. "Ka buga yadda ka saba."

Ai kuwa na ruɗe. Kuma ga Baba. Baba mai walda ne, tunda nake bai taɓa ganina a fili ba, don a wurinsa ƙwallo guje-guje ne da gajeren wando. Yayata ce ta matsa masa, ta ce in bai rufe shagon nan yini ɗaya ba ita za ta zo ta zauna a bakin ƙofa ta kori masu kawo aiki. Suka taso tun da sassafe a motar haya. Kafin mu shiga fili Yaya ta kira ni ta ce suna layi na shida a bayan benci, Baba ya sa rigarsa ta zuwa unguwa, yana tambaya wane ne alƙalin a cikin masu baƙaƙen kayan nan uku.

Ƙarfe huɗu aka busa. Abokan karawarmu manyan mutane ne, musamman ɗan bayansu mai lamba biyar, wanda kafaɗarsa ta kai ƙofar kabad. Minti goma na farko ko taɓa ƙwallon kirki ban yi ba. A minti na sha bakwai Kyaftin ya ƙwace ta a tsakiya, ya ɗaga kai, ya jefo mini ita ta bayan Lamba Biyar. Na ruga, na tarar da ita tana dira, mai tsaron gidansu ya fito, na ɗaga ta sama da shi. Ban ga shigarta ba, ihun na ji. Na nufi wajen benci ina neman layi na shida. Ga Yaya tana tsalle mayafinta a hannu, ga Baba tsaye ƙiƙam, hannu biyu a kan kansa, kamar wanda aka ce masa shagonsa ya kama da wuta. Daga baya Yaya ta ce ya juya ya gaya wa mutanen da ke bayansa, "Wannan yaron a gidana yake kwana."

Ana saura minti takwas a tafi hutu muka samu bugun kusurwa. Aka bugo ƙwallon da tsayi, na tashi, Lamba Biyar ya tashi. Babu wanda ya taɓa ƙwallon a cikinmu. Goshinsa ya same ni a gefen kai, sama da kunnen hagu. Na ji wani sauti kamar an buga tukunya a cikin kwanyata, sai ga ni kwance ina kallon sama.

Ban daɗe a ƙasa ba. Kafin Anti ta ƙaraso da jakarta na miƙe, na ɗaga wa alƙali hannu alamar lafiya lau. Ta riƙe mini haɓa ta duba idona, na fizge na ce, "Anti, ba komai," na koma ciki. Babu jini, babu ko tsaga. Lamba Biyar ne ma aka naɗe wa goshi.

Daga nan abin da zan faɗa rabi nawa ne, rabi na Farfesa, don akwai wuraren da suka goge a kaina, shi ya cike mini su daga baya.

Muka shiga ɗakin sauya kaya da ci ɗaya da nema, kowa na haki yana dariya. Koci ya tsaya gaban allo yana zane. Ni ina zaune na kwance igiyar takalmi don ƙafata ta sha iska. Anti ta zo ta tsuguna a gabana da ƙaramar tocila.

"Wane gari muke?" ta ce.

Na faɗa mata.

"Wa ya ba ka ƙwallon da ka ci?"

Na san na ci, amma da na nemi yadda aka yi sai na tarar da wurin babu komai. Na yi dariya na ce Dogo ne. Farfesa ya ce kafin wannan ma na tambaye shi nawa da nawa ake ciki har sau uku, duk lokacin da ya faɗa mini sai in yi murna kamar sabon labari.

Anti ta haska idona na hagu, ta haska na dama, ta sake komawa na hagu. Ta miƙe ta ce, "Koci, Tara ya gama."

Koci ya juyo daga allo.

"Ya gama me?"

"Ya gama wasa. Asibiti zan kai shi yanzu."

Koci ya ajiye alli. Ya ce yaron da ya yi minti takwas yana gudu bayan buguwar, har ya kusa ƙara ta biyu? Ya ce shi a zamaninsu an fasa masa kai sau uku, aka ɗaure da tsumma ya ƙarasa wasa, ga shi nan da ransa. Ya ce ta ba shi minti goma sha biyar kawai, in ya ga alamar wani abu da hannunsa zai fitar da ni.

"Ko minti ɗaya," in ji ta.

"Anti, kin san wace rana ce yau?" in ji Koci.

"Na sani. Shi ne bai sani ba."

A nan na tashi. Abin da na gaya mata ba zan maimaita shi duka ba, don har yau in na tuna kunya ke kama ni. Na ce tun ina aji biyu take baƙin ciki da ni. Na ce ba ta san ƙwallo ba, ba ta san komai ba sai ƙanƙara. Na ce mahaifina yana waje, mutumin da zai sauya mini rayuwa yana waje, ita wace ce da za ta tsaya a gabana. Ko gezau ba ta yi ba. Ta sunkuya ta ɗauke takalmana da ke ƙasa, ta jefa su a jakarta, ta ja zif.

"Koci," ta ce, "in ka nemo masa wasu ka mayar da shi, zan shiga tsakiyar filin nan in zauna a kan ƙwallon. Sai dai 'yan sanda su ɗauke ni a gaban kyamara, kuma zan faɗi dalili da ƙarfi."

Babu wanda ya yi dariya, don kowa ya san za ta aikata. Kyaftin ne ya raba gardamar. Ya zo ya dafa kafaɗata ya dube ni sosai, sannan ya juya ya ce, "Koci, idonsa ɗaya ya fi ɗaya girma. A sa Farfesa." Koci ya harbi bokitin ruwa da ƙafa, ya juya baya ya ce Farfesa ya cire rigar sama ya shirya shiga.

Da safa aka fita da ni ta ƙofar baya zuwa motar asibitin da ke jiran ko-ta-kwana. Anti ta aika wani ma'aikacin fili ya kira Baba da Yaya. Baba ya zo da sauri yana tambayar me ya faru, ya gan ni tsaye da ƙafafuna, ya ce, "To ai ga shi lafiyarsa ƙalau." Na ce, "Ka gani ko, Baba? Gaya mata." Anti ta ce, "Baba, ku shiga mota, zan yi muku bayani a hanya." Ita da ta kusa sa'arsa ta ce masa Baba. Ya dube ta, ya dube ni, ya shiga.

Direban ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa. Ina zaune a kan gadon motar na juya wa Anti baya, ina jin mai sharhi yana cewa abin mamaki an fitar da lamba tara, ba a san dalili ba. Mun wuce shatale-tale na biyu sai aka farke mana ƙwallon. Na buga bangon motar da hannu na ce, "Kin gani! Kin gani ko!" Ita kuwa agogonta take kallo, yatsunta biyu a wuyan hannuna.

Ban san sanda ciwon kan ya fara ba. Kamar an sa awartaki ana ƙara matsewa. Sai amai, ya ɓata wa Baba rigarsa ta unguwa. Na ji Anti ta ce wa direba ya kashe rediyon ya kunna jiniya, kuma wannan ne karo na farko da na ji muryarta ta tashi. Abu na ƙarshe da na tuna shi ne hannun Baba, mai kaushi kamar takardar goge ƙarfe, yana riƙe da fuskata yana cewa, "Auta, kalle ni. Auta."

Da na buɗe ido rana ta fito, haske na shigowa ta labule shuɗi. Kaina naɗe yake, bakina a bushe, ga robar ƙarin ruwa a hannuna. Yaya na zaune a kujera idanunta sun kumbura. Baba na tsaye bakin taga da wata riga da ba tasa ba, ta yi masa kaɗan. Na motsa, Yaya ta yi salati ta fashe da kuka, Baba ya juyo ya zo ya tsaya a kaina, leɓensa kawai ke motsi.

Na ce, "Mun ci?"

Yaya ta ɗaga kai tana share hawaye ta ce, "Ka ji ɗan banzan yaro. An buɗe maka kai kamar kwakwa, kai ta ƙwallo kake."

Likitan da ya yi mini tiyata ya shigo zagaye, wani siriri mai furfura a gemu. Ya sa ni na matse yatsunsa, na bi biro da ido, na faɗi sunan mahaifiyata. Sannan ya zauna a bakin gado ya yi mini bayani a hankali. Buguwar ta tsaga ƙashin gefen kaina, ta fasa wata jijiya, jini yana taruwa tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa. Ya ce irin wannan mugun abu ne, don mutum yakan tashi ya yi magana, ya yi gudu, har ya yi dariya, jinin kuwa yana ƙaruwa a ciki, sai kawai a ga ya faɗi.

"Da ka koma filin nan," in ji shi, "a can za ka faɗi. Kafin a gane, a ɗauko ka, a ratsa cunkoson masu fita, ban sani ba ko za ka iso mini da sauran aiki. Wa ya ce a kawo ka?"

Baba ya ce, "Wata baiwar Allah ce."

"To ku riƙe ta da kyau."

Na tambayi inda take. Yaya ta ce tana nan a bakin ɗakin tiyata har aka fito da ni, ita ta cike takardu, ita ta kira Umma a waya ta lallashe ta, ita ta samo wa Baba rigar nan wurin wani mai gadi. Da likita ya ce an yi nasara, ta zauna a benci ta cire tabarau ta rufe fuska da hannu na ɗan lokaci, sannan ta tashi ta ce tana da yara goma sha bakwai a masauki da ba a duba ƙafafunsu ba.

Da hantsi ƙungiyar ta zo gaba ɗaya, nas tana shigo da su uku-uku tana faɗa. Daga fuskokinsu na gane. An tashi ɗaya da ɗaya, aka ƙara lokaci, aka zura mana ta biyu saura minti shida. Farfesa ya samu dama a ƙarshe, daga shi sai mai tsaron gida, ya buga ta daki turke. Ya tsaya a ƙarshen gadona ya kasa haɗa ido da ni.

"Da kai ne da ta shiga," ya ce.

Na ce, "Da ni ne da yanzu kuna neman wanda zai yi muku jawabi a kaina. Zo nan."

Ya zo, na riƙe hannunsa. Dogo ya rataya mini lambar azurfa a wuya ya ce in yi haƙuri, ta zinariyar ta yi nauyi ga mai ciwon kai, shi ya sa suka bar wa waɗancan. Na yi dariya har kaina ya sara, nas ta kore shi. Wanda ban zata ba shi ne Lamba Biyar. Ya shigo da filasta a goshi da ledar lemu, ƙaton mutum yana rawar murya, yana cewa wallahi ƙwallon ya nufa. Baba ne ya tashi ya ba shi kujera ya ce, "Zauna, ɗana, kai ma ai kanka ka kawo."

Koci ya shigo a ƙarshe shi kaɗai. Ya daɗe yana juya hularsa a hannu. Ya ce bayan an tashi wasa, kafin labari ya iso, 'yan kallonmu sun yi ta zagin Anti, wasu har a waya suna rubuta cewa an saye ta, shi kuma bai buɗe baki ya kare ta ba, don a ransa shi ma haushinta yake ji. Ya ce da aka kira shi aka ce ina ɗakin tiyata, a kan matakala ya zauna.

"Minti goma sha biyar na roƙa," ya ce. "Da ta ba ni fa?"

Ya juya wajen Baba ya ce ya yafe masa. Baba ya ce Allah Ya tsare gaba, kuma ai ƙwallon da yaron ya ci ta yi kyau, ko ba haka ba? Koci ya ce ta yi kyau ƙwarai. Suka zauna suna maganarta kamar tsofaffin abokai, Baba yana tambaya me ya sa mai tsaron gidan ya baro ƙofarsa.

Kwana tara na yi a asibiti. Mutumin babbar ƙungiyar bai kira ba, kuma likita ya ce in manta da ƙwallo har shekara. Ba zan ce abin bai yi mini ciwo ba. Akwai ranakun da nake zaune a tsakar gida da rabin kai a aske, in ji yara suna buga ƙwallo a layi, sai in tashi in shige ɗaki. Amma Umma takan leƙo kowane bayan minti kaɗan, ba don komai ba, ta dube ni kawai ta koma, wani lokaci ta taɓa kafaɗata a wucewa kamar mai tabbatar da ina nan. Hakan ya riƙa sanyaya mini rai. Makaranta ta ɗaga mini jarrabawa, Farfesa yana zuwa duk ƙarshen mako da littattafai yana karanta mini, don idona bai jure rubutu ba tukuna.

Bayan mako shida na koma makaranta. Umma ta ce ƙafarta ƙafata, sai ta ga matar nan da idonta. Baba ma ya sake rufe shago, wannan karon babu wanda ya matsa masa.

Mun same ta a ɗan ɗakin nan tana naɗe wa wata 'yar tsere idon sawu. Ta ɗago ta gan mu a bakin ƙofa, ta ce mu ba ta minti biyu, ta ƙarasa aikinta tsaf, ta sallami yarinyar, sannan ta wanke hannu. Umma ba ta jira gaisuwa ba, ta rungume ta tana kuka tana sa mata albarka, ita da iyayenta da 'ya'yanta da jikokin da ba a haifa ba. Anti ta tsaya a sandare, tana ɗan bubbuga bayan Umma tana cewa, "Ya isa, 'yar'uwa, ya isa, aikina ne." Baba ya ce shi ba mai iya magana ba ne, amma duk ranar da ƙofarta ko tagarta ta lalace, ko ta wani nata, kada ta kira kowa.

Sai aka bar ni da ita. Duk jawabin da na shirya a hanya ya gudu.

"Anti, abin da na faɗa miki ranar nan..."

"Ba kai ka faɗa ba, jinin ne."

"Na aji biyun fa? Wannan ni ne."

Ta yi ɗan murmushi, na farko da na taɓa gani a fuskarta. "Wannan kai ne," ta ce. "Zauna in ga ɗinkin."

Na zauna a kan gadon, ta sa tabarau tana bin tabon da yatsa. Na tambaye ta yadda aka yi ta tabbata haka, har ta tsaya gaban Koci da ƙungiya gaba ɗaya.

"Wa ya ce maka na tabbata?" in ji ta. "Na ga alamu ne kawai. Sau da yawa a kai mutum a ɗauki hoto a ga babu komai. Tun daga filin har shatale-talen nan addu'a nake Allah Ya sa na yi kuskure, a dawo a ce tsohuwa ta jawo mana asarar kofi a banza, a kore ni. Na fi son hakan."

Na ce, "Na gode, Anti." Na sake faɗa.

"Na ji," ta ce. "Kana shan maganin a kan lokaci?"

"Ina sha."

"Barci fa?"

"Ina yi."

"Jiri in ka tashi tsaye?"

Na buɗe baki zan ce a'a, ta dube ni ta saman tabarau.

"Kaɗan," na ce. "Da safe."

Ta jawo kujera ta zauna a gabana, ta ɗauko biro da takarda, ta ce wa Umma da Baba su shigo su zauna su ma, don akwai abubuwan da take so a riƙa lura da su a gida.